Kawuna da Ya Shiga Hindu

Kawuna ya rasu a shekarar da jirgin ƙasa ya fara ɗaukar mutane daga Makka zuwa Madina, bayan alhazai sun watse, lokacin da mai shago ke samun damar miƙe ƙafa. Wan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya nema mini takarda na zo ƙasar nan. A shagonsa na yadi da turare da ke unguwar Hindawiyya a Makka na yi fiye da shekara ashirin, kuma tun da idonsa ya fara dushewa hannuna yake riƙewa zuwa masallaci. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don akwai maganar da ke yawo a kansa wadda ba haka take ba.

Zaman makoki irin na nan muka yi. Bayan magariba aka jera kujeru a lungu, aka ja fitilu, dangi suka zauna a layi guda. Haifaffun nan suna bi suna dafa kafaɗa suna cewa, "Azzamallahu ajrakum," su wuce. Mutanenmu na gida kuwa sai sun tsaya sun riƙe hannu. "Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri? Allah ya sa can ta fi nan."

Wani tsoho Badamagare mai sayar da carbi ya zauna, ya girgiza kai ya ce, "Ashe dai zai mutu." Na kusa da shi suka sunkuyar da kai suna danne dariya, don duk wanda ya san Kawu ya san abin da tsohon yake nufi. Goggo, matar Kawu, an ce mini a cikin mata ba ta yi kuka ba a ranar farko. Tambaya ɗaya ta riƙa yi, ko an tuna an kashe fankar shago. Ɗansa tilo, taubashina, wanda aka haifa a nan kuma Hausarsa ba ta kai ta yi kuka da ita ba, da Larabci ya riƙa kiran babansa.

Sai ga Tela. Ba'indiye ne, Musulmi, mutumin wani gari da ake kira Banaras, shagonsa na ɗinki yana kusa da namu. Ya shigo lungun yana kuka har gemunsa ya jiƙe. Ɗan Kawu ya tashi ya kamo hannunsa ya zaunar da shi a layin dangi, a kujerar da ke dab da tasa. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Yaya, kai ka san jama'a, riƙe mana gahawa." Na karɓi buta da finjalai. Na zuba wa kowa, har da Tela, yana zaune a inda nake zaton ni zan zauna.

Ina cikin zubawa na ji wani baƙo, magini da ke aiki a wajen unguwar Kudai, bai daɗe da zuwa daga gida ba, ya karkata ga na kusa da shi ya ce, "Wai shi ne mutumin nan da aka ce ya shiga Hindu?"

Zan zo kan wannan. Sai na fara faɗin wane ne Kawu.

Kawu bai zo Makka neman arziki ba, mutuwa ya zo yi. Yana da kimanin shekara arba'in wani ciwon ciki ya kwantar da shi a gida har aka fid da rai. Da ya ɗan farfaɗo sai ya sayar da gonarsa, ya nemi gafarar kowa, ya sa likkafani a jaka ya taho, don ya cika a nan a yi masa salla a Harami. Ya sauke farali, ya zauna yana jira. Ciwon ya tafi ko sallama bai yi masa ba. Guzuri ya ƙare, ya fara tallar turare a kan tire. Daga tire sai tebur, daga tebur sai shago, sai aure, sai ɗa. Duk da haka bai taɓa yarda cewa zama ya zo yi ba. In ka ce masa, "Sai gobe," sai ya ce, "In ina nan." In aka ce a gyara rufin ɗaki sai ya ce, "Baƙo ne zai yi wa masu gida gyara?" Goggo ta yi shekaru tana so a sayi injin wanki yana cewa wa zai more shi, har ɗansu ya girma ya kama aiki ya saya mata.

Likkafanin nan yana ajiye a kan durowar kayansa, wanke da zamzam, naɗe a leda. In wani namu ya rasu ba shi da kowa, ko lebura ne ko tsohuwa mai wankau, sai Kawu ya ce mini, "Kai, ɗan nan, hau ka sauko da shi. Wani ya riga ni." Gidan wanka suna bayar da nasu, amma shi yakan ce wanda ɗan'uwa ya wanke da hannunsa daban ne. Ban san sau nawa na hau durowar nan ba. Na ƙarshen ne kaɗai bai sauko don wani ba.

Washegarin kowace kyauta sai ya ɗauki sabon farin yadi mu nufi shagon Tela. Tun daga bakin ƙofa zai ce, "Tela, na zo awo." Tela ya san tsawonsa kamar yadda ya san na kansa, amma sai ya zaro igiyar awo daga wuya ya sake aunawa, ya ɗaga kai ya ce, "Baba ya rage tsawo."

"Ƙasa ce ke ja na a hankali," in ji Kawu.

Daga nan sai shayi mai madara. Su zauna, rabin Larabci, rabin Hausa, sauran da hannu, Kawu yana dariya har tari ya sarƙe shi. Ni ina tsaye a bakin ƙofa ina jiran a gama in mayar da shi. Ni maganar Kawu da ni ba ta wuce buɗe, rufe, ɗauko, kai. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa cin abinci bai tura mini kwano ba, shi ya tsaya a kan aurena. Amma ban taɓa sa shi dariya irin wannan ba, kuma na gwada.

A shekarar da ƙugiyar gini ta faɗo a Harami, yanar ido ta gama rufe masa idanu duka biyun, sai inuwa yake gani. Tela zai tafi gida hutu, ya ce a garinsu akwai likitan da ya buɗe wa mahaifinsa ido. Ɗan Kawu ya ce a yi a Jidda, ga ta nan kusa. Kawu ya ce, "Shekara nawa ina zaune a Hindawiyya ban taɓa ganin Hindun ba? Bari in je in ga mai sunan." A bakin Kawu da sa'o'insa, Hindu sunan ƙasa ne, kamar yadda suke cewa Sin ko Masar. Bai taɓa cewa Indiya ba.

Ɗansa ba zai samu hutu a wurin aiki ba, saboda haka ban ma tambaya ba, na ɗauka ni ne ɗan rakiya. Na wanke jakata na shanya a baranda, na sayi sabon takalmi. Muna karya kumallo Goggo ta ambaci jakar.

Kawu ya ce, "Ina za ka?"

Na ce, "Raka ka, Kawu."

Ya ce, "Kai da ko lambar ƙofar jirgi ba ka iya karantawa ba? Makafi biyu a hanya ɗaya, wa zai ja wani? Zauna ka tsare shago."

Ba da fushi ya faɗa ba. Yana faɗa yana yagar gurasa yana dangwala wake. Gaskiya ce kuma, a lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, farashin kaya da kai nake riƙewa. Ni na kai shi filin jirgi a Jidda, na zare hannunsa daga nawa na sa a na Tela. A makon nan na je wani gida a unguwar Utaibiyya inda wani malami ɗan Nijar yake koya wa manya karatu da rubutu bayan la'asar, na zauna a tabarma tare da direbobi da masu shara, na riƙe fensir kamar mai riƙe da guduma.

Da suka sauka, Kawu ya kira Goggo a waya ya ce, "Mun shiga Hindu lafiya." Goggo ta gaya wa maƙwabciyarta. 'Yar maƙwabciyar ta yi makaranta, a wurinta Hindu addini ne. Kafin mako ya zagayo magana ta isa Kano ta dawo. Wata ƙanwar Kawu ta kira Goggo ta ce, "Wai da gaske ne Alhaji ya shiga Hindu?"

Goggo ta ce, "Ƙwarai kuwa. Shi da Tela. Kuma ya ce hankalinsa ya kwanta."

Aka yi ta salati a can. Daga baya an warware wa na kusa, har ana dariya, amma maganar ta riga ta isa wuraren da warwarar ba ta kai ba.

Wata guda suka yi. Ranar da suka dawo na tsaya a bakin ƙofar fita, na gan shi yana tahowa da ƙafarsa, ba mai riƙe da shi. Na miƙa hannu kamar yadda na saba. Ya wuce hannun, ya tsaya ya dubi fuskata sosai, ya ce, "Kai, ashe haka ka yi furfura?" Shi ke nan abin da ya ce game da ni. Muna shiga mota ya fara labarin kogi.

Ya ce da aka cire masa bandeji, likita ya ce ya guji rana mai ƙarfi, sai Tela ya ɗauke shi da sassafe bayan sun yi asuba, suka bi ta wasu lunguna da suka fi na Utaibiyya matsi, shanu na kwance a tsakiyar hanya ba mai ce musu ku tashi. Suna ɓullowa sai ga ruwa. Ya ce, "Ɗan nan, shekara nawa rabona da ganin kogi? A nan sai duwatsu da ruwan famfo. Ga shi shimfiɗe, rana na fitowa ta ɗaya gaɓar, ga matakala ta dutse tana gangarawa har cikin ruwa, gari guda a kanta." Ya ce mutane ne maƙil, tsofaffi da yara, masu hali da matalauta, wasu daga nisan duniya, suna shiga ruwan har ƙirji suna ɗaga hannu. Ƙararrawa na kaɗawa ta nan, can bayan gari kuma ladan na unguwar su Tela ya gama kira ba da jimawa ba. Abin da ya fi ba shi mamaki jarkoki ne. Kowa da 'yar farar jarkarsa yana cikawa zai kai wa na gida. Ya ce, "Na ce wa Tela, mutanen nan ma alhazai gare su."

Idon nan ni na yi shekaru ina yi masa aiki. Ni nake cewa ga tudu, ga rami, ga mota. Da Allah ya buɗe shi, fuskar Tela ya fara gani, sannan kogin wasu mutane. Na san ba laifin kowa ba ne. Sanin bai hana ni jin abin da na ji ba.

Ya ba da labarin kwalekwalen da suka hau, da inda ake ƙona gawa a bakin ruwa, itace tsibi-tsibi, wutar da aka ce masa ba ta mutuwa. Ya ce nan kam ya kau da kai ya yi ta hailala har suka wuce. Ya ba da labarin unguwar su Tela, inda kowane gida ka wuce sai ka ji ƙarar masaƙa, da alharinin da ake sakar masa zaren zinariya. Amma labarin da ya fi maimaitawa na wani tsoho ne.

A garin nan, in ji shi, tsofaffi suna zuwa ne musamman don su mutu, don a wurinsu wanda ya cika a bakin kogin nan ya tsira. Akwai gidajen da aka tanada don masu jira. Amma kwanaki ake ɗibar wa mutum, in suka cika yana nan da ransa sai a ce ya ba wani wuri. Kawu yakan ce, "Ka ji fa, can har iƙamar mutuwa ake bayarwa. In ta ƙare ba ka mutu ba, huruj, sai ka fita!" Duk wanda ya taɓa tsoron ƙarewar takardarsa a ƙasar nan sai ya yi dariya.

Wata safiya suka tarar da wani tsoho zaune a kan matakala, ƙullin kayansa a gefe, ya haɗa rai kamar wanda aka yi wa ƙwace. Tela ya tambaye shi lafiya. Ashe 'ya'yansa ne suka kawo shi ya mutu, ya raba abin da ya mallaka, ya yi bankwana da kowa, sai ya warke. An sallame shi daga gidan jira, kuma kunya ta hana shi komawa ƙauye. Da Tela ya fassara, Kawu ya zauna a kan matakalar ya yi dariya har hawaye ya zubo daga sabon idonsa, Tela na cewa Baba a hankali, ɗinki. Sannan ya ce, "Tela, gaya masa shi sabon shiga ne. Gaya masa ni na kusa shekara arba'in ina wannan aikin."

Tsohon ya dube shi ya tambaya, to me ya yi a duk shekarun nan.

Kawu ya ce, "Ce masa ya nemi tire."

Daga ranar kullum sai sun je. Wani lokaci Tela ya bar su ya tafi harkarsa, su zauna su biyu ba mai jin wani, suna kallon ruwa. Kawu ya ce a nan ne ya gaya wa tsohon abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, da Hausa, shi kuma ya mayar masa da nasa yaren. Na taɓa tambayarsa me ya gaya masa. Ya ce, "Ai na riga na faɗa."

Labarin nan duk wanda ya shigo shago sai ya ji shi, ko turaren wuta kawai ya zo saya. In Tela na kusa, kowace gaɓa sai Kawu ya juya ya ce, "Ko ba haka ba, mutumina?" Na ji shi har na haddace. Wata rana yana ba wasu alhazai, ya manta zancen jarkoki, sai na ce, "Kawu, ka tsallake masu ɗibar ruwa." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai kana wurin?" Alhazan suka yi dariya. Ni ma na yi, na koma ninke yadi.

Rigima ɗaya na san Kawu ya yi a rayuwarsa, kuma a kan tafiyar nan ce. Akwai Malam na lungunmu, amininsa, shekara da shekaru kafaɗa da kafaɗa a sahu. Ya saurari labarin sau ɗaya, sau biyu, a na uku ya ce, "Alhaji, ka isa haka. Mutum yana maƙwabtaka da Ɗakin Allah, me ya kai shi kallon masu gumaka? Ka dawo kuma ba ka da zance sai nasu."

Kawu ya ce, "Malam, ban shiga ruwansu ba, ban shiga ɗakin bautarsu ba, goshina bai taɓa ƙasa don kowa ba sai Allah. Ido aka buɗe mini. In rufe?"

"Ka bar gonarka da danginka don ka mutu a Makka. Da ajali ya riske ka a can fa? Su ɗora ka a kan itace?"

Kawu ya dube shi. Sannan ya ce, "Wannan kullum sai na tuna shi ina can. Tela ya kai ni maƙabartar unguwarsu, ya nuna mini wuri kusa da kakansa. Na ce to."

Malam ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita. Ni kuwa ina bayan kanta na kasa ci gaba da abin da nake yi. Har wurin kwanciya sun zaɓa su biyu, ban sani ba sai a bakin rigima.

Suka yi watanni sai sallama daga nesa. Da matar Malam ta rasu, Kawu bai ce komai ba sai, "Ɗan nan, hau ka sauko da shi." Na kai. Malam ya karɓi ledar ya riƙe a ƙirji, ya ce in gaya wa Alhaji ya ji. Washegari a masallaci ya matsa ya bar masa wurinsa na da.

Malam ɗin nan yana zaune kusa a ranar makoki, lokacin da maginin ya yi tambayarsa. Na ajiye finjali zan ba da amsa. Ina da abin faɗa. Ni na san sau nawa Kawu ya tashe ni don kada jam'i ya wuce mu, ni na san azumin Litinin da Alhamis da bai bari ba sai da likita ya hana, ni na tura kekensa a ɗawafi da ƙafa ta gaza. Kafin in buɗe baki Malam ya ɗaga hannu ya ce, "A tambayi wanda ya je." Aka kira Tela.

Ya taso yana share ido, aka maimaita masa tambayar da Larabci. Ya dubi maginin ya ce da 'yar Hausarsa, "Baba salla biyar, ba fashi. Ni barci, Baba tashi ni. Masallaci namu, liman ce Baba mutum Makka, Baba gaba. Baba ce la, ni baƙo, ni baya." Sai kuka ya ci ƙarfinsa. Malam ya ƙarasa da bayanin kalmar, cewa Hindu a bakin tsofaffi ƙasa ce. Maginin ya ji kunya ya yi ta neman gafara, jama'a suka yi ta cewa Allahu akbar, Allah ya jiƙan Alhaji. Sunan Kawu ya wanku a gabana, na kuma gode wa Allah. Shekaru ashirin da nake da shaidarsu ba wanda ya nema. Wata gudan da ba ni ciki, shi aka tambaya.

Da na gaya wa Kawu na shiga makaranta, bayan dawowarsa, ya ce, "Madalla. In ka iya sai mu koma tare, ka karanta mini sunayen matakalan nan, kowace da sunanta a bango." Ban sani ba ko da gaske yake ko irin maganar da ake yi wa yaro ce. Ni dai na riƙe ta. Karatu a kan furfura ba sauri gare shi ba. Na daɗe ina rikita baƙaƙe, malam na haƙuri ina haƙuri. Lokacin da na kai ga karanta allon kan hanya ba tare da na tsaya ba, ƙafafun Kawu sun riga sun daina ɗaukarsa.

Ranar da muka kai shi asibiti a ciwon ƙarshe, ina tura shi a keke, na riƙa karanta masa allunan da ƙarfi, da gangan. Nan wurin karɓar magani. Nan ɗakin hoto. Wannan kibiya ta ce hagu. Idonsa a rufe ya ce, "Ka iya ke nan." Na ce, "Na iya, Kawu." Na jira ko zai tuna. Ya ce, "An gaya wa Tela muna nan?"

An gaya masa, ya kuma zo kullum bayan ya rufe shago. Kawu ya sa shi ya kira ƙaninsa a can, ya je bakin kogi ya dubo tsohon nan. Ƙanin ya je ya dawo ya ce akwai tsofaffi da yawa a kan matakala, wasu da tire, bai san wanne ba ne. Kawu ya ce ba komai.

Ya cika da hantsi. Aka yi masa salla a Harami bayan la'asar, abin da ya zo nema tun yana ɗan shekara arba'in, muka bi motar zuwa maƙabarta. A bakin kabari ma'aikacin wurin ya ce mutum biyu na gida su sauka su taya shi. Ɗan Kawu ya cire takalmi ya sauka, ya ɗago kai ya miƙa wa Tela hannu. Tela ya tuɓe takalmi ɗaya. Sai ya juyo ya gan ni. Ya mayar da ƙafarsa, ya kama kafaɗata ya tura ni gaba yana cewa, "Anta, anta. Kai ɗa."

Na sauka. Ni na karɓi kan Kawu, ni na juya fuskarsa ga alƙibla, ni na kwance ƙullin. Ba abin da na taɓa so a duniya kamar wannan, kuma na same shi. Amma ina hawowa, Tela ne ya miƙo hannu ya jawo ni, na kuma san cewa ko wannan ɗin shi ya bar mini. Na yi masa godiya. Har yau in na tuna sai in ji godiyar da wani abu a ƙarƙashinta.

Tela ya sayar da kekunan ɗinkinsa a ƙarshen shekarar, ya yi huruj, ya koma gida gaba ɗaya. Da ya zo sallama ya ce in zo Banaras ya nuna mini inda Baba yake zama. Na ce in sha Allahu. Yanzu zan iya karanta ƙofar jirgi. Ban nemi biza ba, don ba nuni nake so ba.

Ga abin da aka rasa. Goggo ta rasa miji. Taubashina ya rasa uba, da mutum na ƙarshe da yake tilasta masa yin Hausa. Malam ya rasa na kusa da shi a sahu. Marasa kowa na Hindawiyya sun rasa mai likkafani. Ni na rasa kawu ɗaya, da tafiya ɗaya, da maganar da ya yi da Hausa a bakin kogi ga mutumin da ba ya jin Hausa.

Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci.